Wa Ke Yanke Wa Mal-sun Layi?

Tsibirin Norudo
8 ga Nuwamba, 1999

Zuwa ga ƙanena, Baban Yu-ri,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Maman Yu-ri da ita 'yar makarantar. An ce sanyi ya riga ya sauka a Daejeon, ka riƙa rufe wuyanka, tarin nan gadon gidanmu ne tun daga kakanni. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar hagu. Ɗana Sang-gil ya aiko da kati daga jirgin kamun kifi, ya ce sai bazara zai dawo. Gidan daga ni sai matarsa, Hye-ran.

Kwamfutar ta iso ba ko ƙwarzane. Kakana da kakanka wa da ƙane ne, sau uku kacal na taɓa ganinka a duniya, amma ka yi mini abin da mutanen da nake gani kullum suka kasa. Na gode.

To, ga matsala. Na bi takardarka layi-layi. Na tura katin modem ɗin a gefe, na haɗa igiya, na danna inda ka zana mini. Sai ta yi shiru, can ta fito da lamba 680, wai babu sautin layi. Sau goma sha ɗaya na gwada. Kada ka kira ni a tarho. Layinmu ƙara yake kamar ana soya kifi, kuma bangon gidan nan takarda ne, surukar tawa kuwa 'yar ƙanen mai gari ce. Ka rubuto, in riƙa bi da yatsa.

Ranar jana'iza ka tambaye ni abin da ya kashe Baban Sang-gil, na ce hawan jini. Yau zan gaya maka sauran. Mai gari Ma Dok-pal da 'ya'yansa asid suke zubawa a ragar ganyen tekunsu don ya kashe ciyawa. Ruwa ya kwaso ya kawo kan kejinmu. Dodon-koɗin da muka yi shekara huɗu muna kiwo, cikin mako ɗaya suka mutu, bakin teku ya yi wari har kan tudu. Mijina ya miƙe a zauren gari ya faɗi gaskiya. Ma Dok-pal ya ce giya ce ke magana. Dattawan, waɗanda duk ganyen teku suke nomawa, suka yanke cewa ko ya durƙusa ya nemi gafara, ko a hana jirginmu tsayawa a mashigar gari. Ya durƙusa. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, goshinsa a ƙasa, ni ina tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi. Daga ranar bai sake taka waje ba. Kwana arba'in, ya faɗi a bakin famfo.

Sau uku ina rubuta ƙara zuwa ofishin gunduma. Ta ukun a hannun Ma Dok-pal na gan ta, yana karanta wa mutane a mashiga yana kwaikwayon muryata. Mijin 'yarsa a ofishin yake aiki. Kai ka ce ma'aikatar teku ta ƙasa tana da allo a intanet inda kowa ke rubutawa, kowa ke karantawa. Can nake so. Kwana tara na yi ina buga ƙarar da yatsa ɗaya. Ina so sunan mutumin nan ya yi warin da bakin tekunmu ya yi.

Ka gaya mini me 680 ke nufi.

Yayarka,
Pyo Mal-sun


Daejeon
15 ga Nuwamba, 1999

Yaya,

Na samu wasiƙarki, na karanta a tsaye a bakin ƙofa ban ko cire takalmi ba. Muna lafiya. Yu-ri tana fama da jarrabawa, uwarta tana fama da Yu-ri. Ki riƙa ɗora tawul mai zafi a gwiwar.

Na tuna mijinki. Shekarar da aka kawo ni bikinku ina yaro, shi ya yanka mini dodon-koɗi ɗanye ya ba ni a bakin wuƙa, ya ce ɗan birni ya ci ya yi ƙarfi. Ba zan ce ki haƙura ba. Bari mu gyara layin.

Lamba 680 tana nufin kwamfutar ta ɗaga tarho ba ta ji komai ba. Ki duba waɗannan da kyau.

Da farko, ina kika soka ɗaya bakin igiyar? A bango ya kamata ya shiga, ta ɗan farin mahaɗin da na sa a leda. Mutane da yawa a jikin tarho suke sokawa, inda murɗaɗɗiyar igiyar nan take. Idan haka kika yi, kada ki ji kunya, wani shugaban sashenmu ma haka ya yi.

Sannan katin yana da 'yar wutsiya. Ki tura har sai kin ji ya ce ƙas. A hankali, haƙoransa sirara ne.

Tunda layinku yana ƙara, ki shiga inda na zana a bayan takardar nan, za ki ga ƙaramin akwati da aka rubuta a jira sautin layi kafin a kira. Ki cire alamar da ke ciki. Kada kuma ki sa lambar yanki a gaban lambar da na ba ki.

Idan ta kira ta haɗu sannan ta yanke, to wata matsalar ce. Ki rage gudun modem ɗin, na zana wannan ma. Ki kuma tambaya ko an sa wa layinku tsarin nan da ke yin ɗan kuka idan wani ya kira kana cikin magana, don wannan kukan kaɗai ya isa ya kayar da ita.

Abu ɗaya, Yaya. Abin da kika rubuta a can, mutanen garinku ma za su gani. Ki tabbata kin shirya zama da su bayan haka.

Ƙanenki,
Dong-chol


Norudo
26 ga Nuwamba, 1999

Baban Yu-ri,

Ina gaishe ku duka. Ka ce wa Yu-ri ta ci miyar ganyen teku bayan jarrabawa, ba kafin ba, kada santsin miyar ya sa ta zame a jarrabawar. Gwiwa ta yi sauƙi. Na saka muku busasshen kifi a jirgin Litinin.

Ni da shugaban sashenku kanmu ɗaya. A jikin tarho na soka. Da na mayar bango sai ta fara kira, ta yi wani ihu kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya, har kare ya tashi ya bar baranda. Ta haɗu. Ban gama murna ba ta yanke. Yanzu lambar ta canja, 629 take bayarwa. Na rage gudun kamar yadda ka ce. Na tambaya, ba mu da wancan tsarin mai kuka. Har yanzu ba ta kai minti ɗaya. Da rana nake gwadawa, idan Hye-ran ta fita shanyar ganye ko tana bayan gida.

Ka ji abin da ya faru shekaranjiya. Na sauka mashiga karɓar kabejin kimci, wanda muke jiƙawa da barkono a tulu, sai ga Ma Dok-pal zaune kan kwando, mutanensa kewaye da shi. Ya ce, “Uwar Sang-gil, an ce kin sayi talabijin mai ninkewa. Marigayin za ki riƙa kira da ita?”

Suka kwashe da dariya. Na ce, “A'a, mai gari. Baƙi zan kira maka.”

Ya ce, “To ki ce su zo da tasu giyar soju, tamu ta ƙare tun zamanin mijinki.”

Na ɗauki kabejina na hau tudu. Ban yi kuka ba sai da na rufe ƙofa. Amma ka tsaya ka yi tunani: wa ya gaya masa ina da ita? A cikin bargo nake ɓoye ta. Ko mai kawo wasiƙu ne, wanda ɗan gwaggonsa ne, ko kuwa wani na kusa. Saboda haka daga yau ka taƙaita. Kada ka ambaci kwamfuta, kada ka ambaci suna. Ka rubuta yadda ni kaɗai zan gane.

Ga wani abu da ya tsaya mini a rai. Ranar Talata gari ya waye da rana tas, Hye-ran ta shiga jirgi zuwa Mokpo wajen likitan haƙori. Na gwada. Minti goma sha biyu cur ba ta yanke ba! Har na ga allon ma'aikatar da idona. Sai ta nemi kalmar sirri, na manta a wace tukunya na ɓoye takardar, kafin in samo ta yanke. Washegari aka tashi da yayyafi, yarinyar tana gida, ko daƙiƙa ashirin ba ta yi ba.

Kullum in na fito daga ɗaki sai in same ta a tsakar gida, ta ce, “Inna, in kawo shayi?” Shekara uku tana ce mini haka ban taɓa jin komai ba. Yanzu ina ji.

Me ka gani?

Mal-sun


Kati daga tashar jirgin ƙasa, Daejeon
3 ga Disamba

Yaya, muna lafiya, kifi ya iso. An tura ni Gumi mako biyu, a tsaye nake rubutu. Ki bar zargin na waje. Abin da ke yanke miki magana a cikin gidanki yake. Ki nemo wanda ke raba layi da ke, ki cire shi, za ki samu lafiya. D.


Norudo
9 ga Disamba, 1999

Baban Yu-ri,

Da fatan ka isa Gumi lafiya, kuma suna ba ka abinci mai zafi. Katinka ya iso jiya da hantsi. Na gane. Na cire ta.

Muna zaune a tsakar gida muna shafa wa kabeji barkono, hannuwanmu jajur har gwiwar hannu. Na karanta katin sau biyu, na sa a aljihu, na dawo na zauna. Na ce, “Ke, me baffanki yake ba ki?”

Ta ɗago. “Na'am, Inna?”

“Duk sanda na shiga ɗaki, ke kuma ki ɗaga tarhon falo ki yanke ni. Sannan ki kai masa labari. Me yake ba ki?”

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Inna, na san kina da kwamfuta tun ranar da ta zo, ni na share kwalin. Ban gaya wa kowa ba. Jira nake ki ce in taimaka miki.”

Na ce, “Ki taimaka mini in durƙusa kamar yadda gidanku ya taimaki mijina?”

Ta ce, “Ni na riƙa ba Baba kunu a baki kwana arba'in ɗin nan.”

Na ce, “Shi ya sa kika san lokacin da ya kamata ki daina jin tsoronmu.”

Ban san daga inda wannan maganar ta fito ba, amma ta fito. Ta wanke hannu a bakin famfo, a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta shiga ta ɗauko jaka ɗaya. Ta tsaya gabana ta sunkuya har ƙasa, ta ce a sa gishiri kaɗan a tulu na uku, ya yi lami. Ta haura tudu zuwa gidan ubanta da silifas. Na tsaya ina kallo har ta ɓace a bayan gora, ban kira ta ba.

Na cire tarhon falon ma gaba ɗaya, na sa a kabad. Sang-gil zai yi fushi in ya dawo. To, ya yi ta yi. Ubansa ne aka kashe, ba uban wani ba.

Yau da safe na gwada, ta sake yankewa. Ana ta ruwa tun daren jiya, ban iya fita na duba ko ta taɓa wani abu a waje kafin ta tafi ba. Ka gaya mini inda irinsu ke sa hannu.

Mal-sun


Daejeon
21 ga Disamba, 1999

Yaya,

Muna lafiya. Ke ce ban san ko kina lafiya ba. Wasiƙarki ta kwana goma sha ɗaya a hanya, an ce iska ta hana jirage fita. Tun jiya na kira gidanki ya fi sau ashirin, sai na tuna kin kulle tarhon a kabad.

Yaya, me kika yi?

Tarho nake nufi! Tarho na biyu, ko wata tsohuwar igiya da aka ja daga layinku zuwa wani ɗaki. Ke kika ce kada in ambaci komai da sunansa, ni kuma na bi ki kamar wawa, na rubuta magana mai baki biyu a kan kati. Wannan laifina ne. Amma korar yarinyar ke kika yi.

Ki koma ki karanta wasiƙarki da kanki. Ranar da layin ya riƙe minti goma sha biyu, kin ce rana ta fito tas. Ranar da ya yanke, yayyafi. Ranar da kika gwada babu kowa a gidan sai ke da kare, ruwa ake, ya yanke. Ba Hye-ran layin yake bi ba, laima yake bi. Iskar teku tana cin igiya. Inda ta ci, in ya jiƙe sai ya yi wannan ƙarar suyar da kika ce, kunnen mutum yana iya jurewa, modem ba ya iyawa.

Ki fita ki tsaya inda igiyar tarho ta sauko daga falwaya ta shiga ƙarƙashin rufinku. Akwai ɗan akwati. Ki ƙirga igiyoyin da suka fita daga cikinsa. Ɗaya ya kamata ta zama. In kin ga ta biyu, ki bi ta da ƙafa har inda ta ƙare.

Na aiko miki da kwamfuta don ki yaƙi Ma Dok-pal, ba don ki taya shi aiki ba. Ya raba ki da miji, ke kuma kin raba kanki da mutum ɗaya da ta rage tana dafa miki shinkafa. Ki gafarce ni, ke babba ce, amma sai na faɗa.

Dong-chol


Norudo
7 ga Janairu, 2000

Baban Yu-ri,

Barka da sabuwar shekara, kai da iyali. An ce kwamfutocin duniya za su mutu ranar ɗaya ga wata, tawa dai tana nan. Ni ma ina nan. Na daɗe ban rubuto ba don ban san ta inda zan fara ba.

Igiya biyu ce. Ta biyun baƙa ce, siririya, ta bi bayan tulunan miya, ta shiga cikin gora, ta gangara har bakin teku. Tun ban kai ba na san inda za ta. Bukkar kejinmu. Shekara goma sha biyu da suka wuce Baban Sang-gil ya ja ta da hannunsa, don masu saye su same shi a bakin aiki, ni kuma in daina hawa da sauka ina kiransa cin abinci. Tun da ya rasu ban buɗe bukkar ba. Tarhon yana nan rataye a ƙusa, ya yi kore, gishiri ya cika masa baki. Takalmin robarsa na ƙasa. Na ɗaga tarhon na kara a kunne, sai ƙarar suya.

Na koma na yanke ta daga akwatin da almakashin raga. Na daɗe a zaune a ƙarƙashin rufin. Da na shiga na danna, ta yi ihunta ta haɗu, ta riƙe awa guda ana ruwa. Allon yana gabana, kalmar sirri a hannuna. Ban aika ba. Na rufe.

Na sa tufafin da nake zuwa biki da su, na haura tudu zuwa gidan uban Hye-ran. Ban yi sa'a ba, ko kuwa na yi, kai za ka faɗa. Ma Dok-pal yana can a baranda shi da ƙanensa, suna shan soju da gasasshen kifi. Yarinyar tana tsugune tana hura musu gawayi, ta rame. Na shiga tsakar gidan na durƙusa a kan tsakuwa, ita na fuskanta, ba su ba. Na ce, “Na yi miki ƙazafi. Igiyar mijina ce. Ki dawo gida, ko kada ki dawo, amma ki sani na san ba ke ba ce.”

Ba ta motsa ba. Sai Ma Dok-pal ya ajiye kofi ya ce wa ƙanensa, “Ka ga gidan marigayi Chu akwai iya durƙuso. Miji ya iya, mata ta iya.”

Uban yarinyar ya yi 'yar dariya ya kalli ƙasa.

Hye-ran ta ajiye mafici. Ta sauko ta kama ni ta hammata ta ɗaga, ta kakkaɓe mini gwiwa. Ta juya ta ce, “Baffa, kifinka yana ƙonewa.” Ko jakarta ba ta ɗauka ba. Haka muka gangaro gida.

Da muka shiga ta ce in nuna mata. Ta karanta ƙarar tawa daga farko har ƙarshe, ta ce, “Inna, wannan zagi ne. Ba wanda zai tayar da jirgi daga Mokpo saboda an ce wani ɗan kare ne.”

Na ce, “To ƙarya na yi?”

Ta ce, “A'a. Matsa.”

Ashe kafin aure a ofishin ƙungiyar masunta ta yi aiki, yatsu goma take bugawa. Ta share rabin abin da na yi kwana tara ina yi. Ta rubuta: duron asid arba'in da uku, shuɗɗa, a bayan tsohuwar rumfar shanya kifi, an lulluɓe da raga. Jirgin da ke kawowa ran Alhamis yake zuwa, in ruwa ya cika. Ta sa ranar da dodon-koɗinmu suka mutu, da ranar zauren gari, da ranar famfo. Wata guda ta yi a gidan ubanta tana zuba musu soju, ba wanda ya ɗauka tana da kunne. A ƙasa ta sa sunana, ta sa nata.

Na ce, “Cire naki. Ubanki fa?”

Ta ce, “Ubana yana zaune a wurin, Inna. Kin ji abin da ya ce?”

“Bai ce komai ba.”

“To.”

Ƙarfe biyu da minti goma na rana ta kama yatsana ta ɗora a kan maɓallin. Ni na danna.

Mal-sun


Daejeon
16 ga Janairu, 2000

Yaya,

Muna lafiya, Yu-ri ta ci jarrabawa. Na karanta wa uwarta wasiƙarki, ta yi kuka a kan tukunya. Ki gaida mini Hye-ran, ki ce mata akwai wani wawan kawu a Daejeon da ke neman gafararta.

Na buɗe allon a ofis. Mutum sama da dubu uku sun karanta. Wasu masu kiwo daga wasu tsibiran sun rubuta a ƙasa cewa su ma haka aka yi musu. Ki bar gudun modem ɗin a ƙasa yadda yake, ki naɗe bakin igiyar da kika yanke da salatif kada laima ta sake shiga.

Ki gaya mini abin da ya biyo baya. Ki kuma gaya mini ko zuciyarki ta yi sanyi.

Dong-chol


Norudo
2 ga Maris, 2000

Baban Yu-ri,

Gaisuwa da taya murna ga Yu-ri. Muna lafiya mu biyu. Furen tudu ya fara buɗewa, gwiwa ta san da haka.

Ran Alhamis ta biyu 'yan sandan teku suka zo, ruwa na cika, suka tarar da jirgin yana sauke kaya. Duro arba'in da tara suka ƙirga, an ƙara shida. An tafi da 'ya'yan Ma Dok-pal biyu. Shi an sauke shi daga mai gari, an ce mijin 'yarsa ma an ɗauke shi daga kujerarsa. Na tsaya a kan tudu ina kallon ana mirgina durorin ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga da ƙarfi, kare yana taya ni.

Masu saye sun ƙi ganyen Norudo na bana gaba ɗaya, har na waɗanda ba su taɓa zuba komai ba. Saboda haka ka yi gaskiya. Ba mai gaishe mu. Sau biyu ana watsa mana hanjin kifi a ƙofa. Uban Hye-ran in ya hango ta sai ya juya ya kalli teku. Muna cin abincinmu, muna wanke ƙofarmu.

Ka tambaya ko zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Na ɗauka za ta yi. Amma ina cin shinkafa kwano guda yanzu, da rabi nake ci.

Jiya bayan abincin rana ya zo. Shi kaɗai, hularsa a hannu. Da ƙyar na gane shi, rigar ta yi masa yawa. Bai hau baranda ba, ni ma ban ce ya hau ba. Ya ce, “Uwar Sang-gil, ban zo kan yarana ba, wannan yana hannun hukuma. Jikata ce, ta Gwangju. 'Yan ajinsu sun ga ƙarar. Sun buga a takarda sun manna mata a tebur. Mako uku ke nan ba ta je makaranta ba.”



Ya ce, “Ki bar komai yadda yake. Sunana kawai za ki goge. Shekararta goma sha huɗu.”

Na ce, “Ban iya ba. Wanda ya koya mini rubutawa bai koya mini gogewa ba.”

Ya kalli Hye-ran, tana tsaye a ƙofar kicin. Ya ce, “Ke fa, 'yata?” Ta iya, na gani a idonta. Ta ce, “Sunan Inna ne a sama, Baffa.” Ta shige.

Ya daɗe a tsaye yana murza hular. Sannan ya juya. Na bi bayansa da kallo yana gangara, sau biyu yana tsayawa ya dafa katanga ya huta. A karo na biyu wani abu ya motsa mini a ƙirji, ban kuwa ji daɗinsa ba. Jikar nan tasa ban taɓa ganinta ba, amma tun jiya fuskarta nake ƙoƙarin zanawa.

Shi ya sa na rubuto. Na san akwai hanyar gogewa, kuma na san halinka, za ka zana mini ita a bayan takarda da kibiyoyi. Kada ka zana. Ko na rubuto na roƙe ka, ka ce wasiƙar ba ta iso ba. Na san kaina: in na iya, wata safiya zan tashi in tausaya masa, shi kuwa ban ga ranar da ya tausaya wa kowa ba.

Yayarka,
Pyo Mal-sun